Shekarar da Aka Ɓoye Mini Tsintsiya

Na ji yadda kuke ba da labarin a tsakaninku, har jikoki sun fara ɗauka. Wai Dada ta yi fushi da ɗanta Hamma, ta tattara kayanta daga gidansa na unguwar Manawashi ta koma tsohon gida na Herwagana, ko girkin rana ba ta tsaya an sauke ba. Wasu ma sun ƙara gishiri, wai matarsa Zulai ce ta ɓata mini rai. To ku saurara tun ina da bakin faɗa. Zulai ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni ba, kuma ban yi fushi da kowa ba. Abin da ya fitar da ni daga gidan nan jiri ne, da tsintsiya, da wani jariri da a lokacin ko haihuwarsa ba a yi ba.

Manyanku sun san aikin da aka yi mini a kai. Ƙananan kuwa tabon kawai suka sani, wanda ke bayan kunnena na hagu idan na cire ɗankwali. Abin ya faro ne tun Nafisa, autata, tana 'yar firamare. Da farko wani ƙugi nake ji a kunnen kamar kukan gyare, sai jin ya fara raguwa. Mahaifinku Malam, Allah ya jiƙansa, ya daɗe yana tsokanata, wai kunnen nan maganarsa ce kawai ba ya ji, amma mai tallan atamfa ko daga bakin titi ya ɗaga murya sai na tashi. Da tafiyata ta fara karkata, ina nufin ƙofa ina cin karo da garu, sai ya daina wasan ya ɗauke ni zuwa Kano. Can suka ɗauki hoton kaina suka ce ƙari ne ya tsiro a kan jijiyar da ta haɗa kunne da ƙwaƙwalwa. Ba irin na daji ba ne, amma yana girma, kuma wurin ba shi da fili. Suka cire shi, suka haɗa da jijiyar. Kunnen hagu ya rufe ke nan har gobe. Ranar da na farka, rufin ɗakin asibiti juyawa yake yi kamar faifai a hannun mai tankaɗe, bakina kuma ya ɗan karkace, sai da ya yi watanni kafin ya koma daidai.

Da muka dawo Herwagana babu 'yar aiki, babu kowa sai ni da ku. Yara na jin yunwa, tsakar gida na jiran shara, gyaɗa na jiran suya, don a lokacin da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli nake taimaka wa Malam. Haka na riƙa tashi, hannu ɗaya a garu hannu ɗaya da tsintsiya. In tanƙwara jiri ya kwashe ni, in zauna in numfasa, in sake tashi. Maƙwabciyata Saraya, Batangaliya ce Kirista, wadda katanga ɗaya ta raba mu tun muna amare, takan leƙo ta ce:

"Hajjo, kina raye?"

In ce mata, "Ina raye, sai dai gidan ne ya ƙi tsayawa wuri ɗaya."

Ban san ranar da jirin ya tafi ba. Na dai wayi gari na gan ni a kasuwar Kwadon ina cinikin gyaɗa, na ɗora kwano a ka ina ratsa mutane, ban dafa kowa ba. Shekaru suka yi ta wucewa a haka. Ni ba ungozoma ba ce, amma a layinmu duk wadda ta haihu, ta masallaci ko ta coci, ni ake aiko wa in zo in yi wa jariri wankan farko. An ce hannuna yana da sanyi, yaro ba ya tsala ihu a wurina. Wannan abu ina alfahari da shi, ba zan ɓoye muku ba, kuma duk jaririn da na wanke sai in ce a raina, wata rana na Auta ne zai zo hannun nan.

Sai Malam ya rasu. Ba zan tsaya a kan wannan ba, don ko yanzu idan na tsaya alƙalamin ba ya tafiya. Na shiga takaba. Ku da kuka gani kun san yadda ake yi: aka shimfiɗa mini tabarma a ɗaki, mata suka karɓe tukunya da murhu da komai. In na miƙa hannu zan ɗauki buta sai wata ta riga ni. Watannin nan duka tafiyata ba ta wuce daga tabarma zuwa banɗaki ba, kuma ban damu ba, don zuciyata ma ba ta son motsi. Ranar da na fita takaba, ɗan farina ya zo da mota. Ba zan rubuta sunansa ba, ban taɓa faɗa da bakina ba kuma ba a takarda zan fara ba. Ƙannensa suna ce masa Hamma, ni ma na ara. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce:

"Dada, wahalarki ta ƙare. Tun muna yara kike tsaye a kanmu. Yanzu lokacinmu ne, ki zo ki huta."

Wace uwa ce za ta ji wannan ba ta yi kuka ba? Na yi, na sa masa albarka, na shiga mota. Cikin ɗan kayan da na ɗauka har da tsintsiyata ta kaba, wadda na ɗaure gindinta da ƙyallen wata tsohuwar atamfa, don hannuna ya saba da ita.

Gidan Manawashi gida ne, babu ƙarya. Ɗakina da banɗaki a ciki, ƙasa tayil mai sheƙi, ga katifa da mutum zai nutse a ciki, ga talabijin da ba ya gajiya da surutu. Washegari da sassafe na ɗauko tsintsiya na fito baranda. Ban yi shara biyu ba sai ga Zulai a guje, ɗankwali a hannu.

"Dada, don girman Allah kawo! Idan Alhaji ya fito ya gan ki da tsintsiya, ina zan sa kaina?"

Na ba ta, don na ga da gaske take yi. Daga ranar ban sake ganin tsintsiyar nan ba. Na tambaya, aka ce an ajiye. Na shiga kicin in taya ta gyaran alayyafo, ta rako ni har ɗaki da kofin shayi. Na ce zan taka zuwa gidan wata ƙawata a bayan layi, Hamma ya ce direba ya fito da mota. Ku kuma sauran, kowa ya zo gaisuwa tambayarsa ɗaya: ana dai barin Dada ta huta ko? Kuka mai da hutuna gasa, wannan ya kawo matashin jingina, wancan ya kawo abin ɗora ƙafa. Na yi ƙiba, na yi haske, duk wanda ya gan ni sai ya ce Hamma ya iya riƙon uwa. Ni ma har na fara yarda cewa haka tsufa mai daɗi yake.

Wata azahar na ɗago daga sujada, sai ɗakin ya tafi gefe. Na san shi nan take, kamar yadda ake gane muryar wanda aka daɗe da rabuwa da shi. Na yunƙura zan miƙe, sai ji na yi kafaɗata ta bugi ƙafar gado. Daga ranar jiri ya tare a wurina. In juya kai a kira ni, jiri. In kalli labule yana kaɗawa, jiri. Tafiya a kan tayil ɗin nan kuwa sai ka ce a kan ruwa nake taka ƙafa. Gidan ya rikice, kuma maganin da kowa ya sani ɗaya ne: a ƙara mata hutu. Aka kawo kujerar sallah. Aka kawo keken marasa lafiya. In zan shiga banɗaki Zulai na riƙe da damtsena. Ina ƙara kwanciya jirin yana ƙara ƙarfi, suna ganin ya ƙara ƙarfi suna ƙara kwantar da ni. Babu wanda ya furta, amma kowa abu ɗaya yake tunani, har da ni: ƙarin nan ya dawo. Na ji tsoro, tsoro na gaske, irin wanda ban ji ba ko ranar da aka tura ni ɗakin tiyata, don a wancan lokacin Malam yana bakin ƙofa.

Akwai wata ɗabi'a da kuka koya a shekarar, kuna zaton ban lura ba. Duk wanda zai faɗi abin da ba ya so in ji, sai ya zagaya ta haguna, wajen mataccen kunne, ya yi ƙasa da murya. Har na kai in na ga mutum ya zauna a haguna sai gabana ya faɗi. To a lokacin Auta tana da cikin fari, mijinta yana aiki a Bauchi, kuma kowa ya san haihuwar fari gida ake zuwa, uwa ta yi wa 'yarta wankan jego, ta dama mata kunun kanwa, ta wanke jariri har a yi arba'in. Ni tun da na ji labarin cikin nake lissafin kanwa da yaji a raina. Ranar nan Auta ta zo, ita da Hamma suka zauna a haguna. Abin da suka manta shi ne Auta ba ta iya raɗa ba, muryata ta ɗauko kaf.

"To Hamma, wa zai yi mini wankan?"

Ban ji amsarsa ba, amma na ji ta maimaita:

"Goggo Adama? A Kwadon?"

Goggo Adama ƙanwar Malam ce, mutuniyar kirki, ba ni da abin faɗa a kanta. Amma sai na ji kamar an zare mini wani abu a ƙirji. Na juyo da kunnen dama gaba ɗaya na ce:

"Ina raye za a kai 'yata wani gida wanka? 'Ya'yan Herwagana nawa na wanke da hannun nan?"

Hamma ya sunkuyar da kai ya ce, "Dada, ki yi haƙuri. Ke kaɗai ma faɗuwa kike yi. Idan kika faɗi da jariri a hannu fa?"

Gaskiya ya faɗa, kuma ita ce ta fi yi mini ciwo. Na juya fuskata garu na yi hawaye, ba don ƙari ba, ba don mutuwa ba, don wankan jaririn nan.

Aka kai ni babban asibiti, aka tura ni cikin injin hoton ƙwaƙwalwa mai ƙara kamar ana sussukar masara a kan kwano. Aka auna jini, aka duba ido, aka duba kunnen da ya rage. Ranar karɓar sakamako, likitar yarinya ce, ba ta girmi Auta da yawa ba. Ta duba tabon da ke bayan kunnena, ta jawo kujerarta ta zagayo ta damana. Ganin haka kawai na ji numfashina ya sauka.

"Mama, ki gode wa Allah. Ƙari bai dawo ba, wurin tas yake."

Hamma ya rufe fuska da hannu biyu yana hamdala. Ni kuwa na ce mata, to jirin fa, daga ina? Ta tambaye ni me nake yi daga safe zuwa yamma. Kafin in amsa Hamma ya karɓe, har da gyara zama:

"Ba ta komai, likita. Wallahi ko tsinke ba ma bari ta ɗaga."

"Tun yaushe?"

"Tun rasuwar mahaifinmu."

Ta yi ɗan murmushi, ba na raini ba. Ta ce kunne ba ji kaɗai yake yi ba, shi ke gaya wa mutum ko a tsaye yake ko a karkace. Kowa da biyu yake aiki, ni kuwa tun ranar tiyata da ɗaya nake. Abin da ya tsayar da ni shekarun nan shi ne ƙwaƙwalwata ta koyi dogara da ido da tafin ƙafa da kunnen da ya rage, kuma shara da daka da zuwa kasuwa su ne makarantar da ta koya. Da aka zaunar da ni tsawon lokaci, ga shekaru sun ƙaru, sai ta fara mantuwa.

"Alhaji, kun yi ne don ƙauna, na sani. Amma Mama motsi take bukata. A hankali, da wani a kusa, amma kullum. Jirin zai taso in ta motsa, kada ku ce ta kwanta, ta haka zai ragu."

Ta tura mu wajen masu gashin ƙashi da motsa jiki, suka koya mini wasu abubuwa na ban dariya: in kafe babban yatsana da ido ina girgiza kai, in tsaya ƙafa a haɗe, in yi tafiya ina waige dama da hagu kamar ɓarauniyar kaza.

Na gwada a Manawashi, Allah ya sani na gwada. Motsin yatsa da girgiza kai babu wanda ya hana, tunda a ɗaki ake yi. Amma in na fito zagaya tsakar gida, Zulai sai ta riƙe ni tamau, nauyina duka a kanta, ita ke tafiyar ni ina rakiya. In na ɗan yi tangaɗi sai a rugo da kujera. Wata safiya na ari tsintsiyar mai gadi na fara share gindin bishiyar mangwaro, sai ga wani abokin Hamma ya shigo. Ya gaishe ni, ya dubi tsintsiya, ya dubi Hamma. Nan take na ga fuskar ɗana ta canza kamar an mare shi. Da baƙon ya tafi ya zo ya durƙusa.

"Dada, ki yi na likita a ɗaki, ban hana ba. Amma shara, a gidana, mutane suna gani? Me za a ce a gari?"

A nan na gane ba za su iya ba. Kuma laifin wa? Ni na raine su a kan cewa yaro ba ya zama babba na aiki. Tarbiyyar da na ba su ce ta tsaya mini a ƙofa. Na duba cikin Auta yana ta girma, na duba keken marasa lafiya a lungun ɗaki yana jirana. Bayan kwana biyu na kira shi na ce zan koma Herwagana.

Ya ɗago ya dube ni. Sannan ya ce, "Dada, me na rage ki da shi?"

"Ba ka rage ni da komai ba, Hamma. Abin da ya kwantar da ni ke nan."

Shi da kansa ya tuƙa ni. Ya sa aka gyara famfo, aka kawo buhun shinkafa, ya yi mini sallama daga zaure ya tafi. Wannan shi ne kuɗin da na biya, kuma mai tsada ne. Makonni yana zuwa gaisuwa a tsaye, ina kwana, ina gajiya, a huta lafiya. Gari kuma ya ɗauka, wasu su ce ya kori uwarsa, wasu su ce matar ce. Na san maganganun nan suna isa kunnensa, shi da yake da biyu. Sau da yawa na zauna a bakin gadon Malam na ce anya ban zalunci yaron nan ba?

Saraya ce ta hana ni zaman tunani. Ita ma mijinta ya rasu, gwiwa ta fara damunta, amma bakinta yana nan garau. Muka buɗe 'yar ƙofar da ke jikin katanga, ba a sake rufe ta ba. Kullum hantsi sai ta leƙo:

"Hajjo, tashi. Ni gurguwa ke mai jiri, in muka haɗu mun yi mutum ɗaya."

Tana tafe a damana, ba ta riƙe ni, hannunta dai yana kusa. Da farko iyakarmu bakin layi. Sannan muka kai cocinsu, sannan muka wuce har wajen masu walda. Na koma shara da aron tsintsiyarta, na koma tsince gyaɗa, na ajiye kujerar sallah sai ranar da jiki ya ƙi. Na faɗi sau ɗaya a bakin famfo, ga tabon nan a girata. Saraya ta tsaya a kaina, ta duba ta ga ba karaya, ta ce:

"Ba zan ɗaga ki ba. Ki kama bokiti ki tashi, ina nan."

Na zage ta tas, na tashi. Da rana ta kai ni aka duba wurin aka sa magani.

Ranar da muka shiga mota zuwa kasuwar Kwadon ita ce jarrabawa, don babu abin da ke tayar da jiri kamar cunkoso, kowa na wucewa ta gefen idonka. Na tsaya na kafe ido a kan wata rumfa har ƙasa ta natsu, sannan na ci gaba. A wajen masu kayan miya na hangi wata kabewa doguwa, na ɗaga ta na jijjiga. Saraya ta ce miyar taushe za mu yi? Na ce a'a, jariri na samu. Ta yi dariya har ta dafa buhun albasa.

Ku yi dariya ku ma, amma kabewar nan ta yi mini aiki. Nakan zauna a kujera 'yar tsuguno, baho a gabana, in shafe ta da sabulu har ta yi santsi, in juya ta, in ɗauraye, in naɗe a zani, in miƙe da ita a hankali. Ta farko ta suɓuce mini ranar da na yi saurin juya kai, ta fashe a kan siminti. Muka tsaya muna kallonta, babu mai dariya a cikinmu. Na ce wa Saraya, da jikana ne fa? Ta ce shi ya sa muka fara da kabewa. Muka yi miya da ita, muka sayo wata. Daga nan na koyi abin da ban sani ba: kada in juya kai da jiki lokaci ɗaya, kada in miƙe sai idona ya kama abu tsayayye. Ta biyu ba ta taɓa faɗuwa ba, wanka ne ya ishe ta har ta fara laushi.

Wata la'asar ina ratsa tsakar gida, kabewa goye a bayana, baho da ruwa a hannu, sai na ga mutum tsaye a bakin zaure. Hamma ne. Ban san tun yaushe yake kallona ba. Na ƙarasa har magudana, na zubar da ruwan, na juyo.

"Dada, mene ne a bayanki?"

Saraya ta amsa daga ƙofar katanga, "Ƙaninka ne, Alhaji. Ba ka yi mana barka ba."

Ya yi dariyar da rabon da in ji ta tun Malam yana raye, sannan ya juya yana goge ido da hannun riga. Ranar ya shigo ya zauna a tabarma. Na ce masa ba zan yi masa ƙarya ba, jirin bai tafi duka ba, kuma likita ta ce wataƙila ba zai tafi duka ba. Amma ga alkawarina: a zaune zan yi wanka, da katifa a gefe, Saraya a kusa. Ba zan ɗauki yaro in yi tafiya da shi cikin duhu ba. Ranar da na ji kaina ba daidai ba zan faɗa da bakina. Idan kuma duk da haka zuciyarsa ba ta natsu ba, ya kai Auta Kwadon, ba zan riƙe shi ba, don jaririn ya fi alfaharina. Ya saurara har na gama, ya ce Allah ya kai mu lokacin. Bai ce eh ba, bai ce a'a ba.

Auta ta haihu a asibiti wata safiyar Laraba, namiji. Aka kira ni a waya aka yi mini albishir, aka ce da yamma za a sallame su. Babu wanda ya ce mini ina motar za ta nufa, ni kuma girma ya hana ni tambaya. Na dai hura wuta, na ɗora babbar tukunya, na zuba ganyen darbejiya, na jiƙa kanwa. Saraya ta ce idan Kwadon suka wuce fa? Na ce sai mu yi wankan jegon ni da ke, ko gwiwarki ta samu sauƙi. Baki ne kawai, hankalina kuwa yana bakin titi. Duk motar da ta wuce a layi sai na juya kunnen dama. Ruwa ya tafasa, na janye itace, ya huce, na sake turawa.

Rana ta yi sanyi sai na ji an tsaya a ƙofar gida. Goggo Adama ce ta fara shigowa da guɗa, tana cewa ita 'yar taya aiki ce, kada in kore ta. Bayanta Zulai riƙe da Auta. Na ƙarshe Hamma, ɗauke da jariri a tawul, yana tafe kamar mai ɗauke da ƙwai a faranti. Ina zaune a 'yar kujerata, baho a gabana. Ya zo ta haguna, sai ya tsaya, ya zagaya ta bayana ya dawo ta dama, ya durƙusa ya sa mini yaron a hannu.

"Dada, ga mai gidanki. Sunan Malam za a sa masa."

Na dubi fuskar nan 'yar mitsitsiya, na ce, "Sannu da zuwa, angona. Ka daɗe a hanya." Na taɓa ruwa da gwiwar hannu, na yi bismilla, na sa shi a ciki. Ya ɗan yi ƙorafi ya yi shiru. Ya fi kabewa santsi, ya fi ta motsi, amma hannuna ya san aikinsa, kuma tsakar gidan ta tsaya cak har na naɗe shi.

Yaron nan yanzu shi ke ɓoye mini carbi. Jiri kuwa yana nan, yakan leƙo ranar da na yi zazzaɓi ko na yi kwana biyu ban fita ba, mu gaisa, in tashi in kama aiki ya ba ni wuri. Na rubuta wannan ne don ku daina ɗora wa Hamma da matarsa abin da ba su yi ba, kuma don in ƙarfina ya ƙara raguwa ku tsaya kusa da ni, amma kada ku karɓe abin da ke hannuna.

Ranar da aka kawo jaririn dai, bayan an idar da magariba, Hamma ya fita wajen mota ya dawo da wani abu a bayansa. Ya ajiye a gabana. Tsintsiyata ce, da ƙyallen atamfarta, ta yi ƙura a inda aka ɓoye ta. Ya sunkuyo daidai kunnena na dama ya ce:

"Dada, ranar suna gidan nan zai cika da mutane. Sai an share."

Na ce masa ya matsa mini, yana tsaye a kan shara.